Darasi na Tara: Farin Ƙurji a Jikin Kifin Gida da Yadda Ake Maganinsa

Kiwon kifi a tanki ya shiga ƙauyukanmu. Daga Kura da Bunkure har zuwa Auyo da Haɗeja, za ka tarar da tankin siminti ko na tamfol a bayan ɗaki, an zuba tarwaɗa, wasu kuma karfasa. Da yawa daga masu kiwon bashi suka ci suka sayi irin, ko kuɗin adashe aka zuba. Saboda haka mutuwar kifi ba ƙaramar asara ba ce. Wannan darasi a kan cutar farin ƙurji yake, wadda kan kwashe ƙananan kifi cikin mako guda, alhali maganinta yana madafinmu.

Yadda za ka gane ta

Ka je bakin tanki da sassafe kafin ka ba da abinci. Ka tsaya shiru, ka duba. Kifi mai wannan cuta yakan goga jikinsa da bango ko ƙasan tanki, ya fizge da sauri, ya sake gogawa. Yana rage cin abinci. Tarwaɗa mai lafiya takan leƙo ta shaƙi iska ta nutse nan take, amma marar lafiya sai ta rataye a tsaye a saman ruwa, gashin bakinta a waje, ba ta gudu ko ka miƙa hannu.

Ka ɗebo ɗaya da raga, ka sa a farin kwano da ɗan ruwa, ka kai haske. Za ka ga ɗigo-ɗigo farare a fata da fukafukai, kamar an barbaɗa masa gishiri. Ka ɗaga murfin da ke gefen kansa a hankali. Jan naman da ke ciki da shi yake numfashi. Idan ya koɗe, ya yi yauƙi, cutar ta kai can, kuma ta nan take kisa.

Idan kuwa kumburin ciki ka gani, ko jan gyambo, wannan wata cuta ce daban. Ka nemi malamin gona.

Rayuwar ƙwaron

Ku karanta wannan sashe sau biyu, domin duk maganin a kansa ya dogara.

Kowane farin ɗigo ƙwaro ne guda ɗaya da ya shige ƙarƙashin fatar kifi yana ci. Muddin yana ciki, babu maganin da ke kai gare shi. Idan ya ƙoshi sai ya faɗo ƙasan tanki, ya lulluɓe kansa, ya yi ta rabuwa har ya zama ɗaruruwa. Sai lulluɓin ya fashe, 'ya'yan su fito suna iyo, suna neman kifi. Ido ba ya ganinsu. Wanda bai sami kifi cikin kamar kwana 2 ba, zai mutu. A wannan ɗan lokaci na iyo ne magani ke cin su.

A ruwa mai ɗumi, wajen digiri 25 zuwa 28, wannan zagaye yana cika cikin kwana 4 zuwa 7. Da hunturu, ruwa ya yi sanyi, yakan kai mako 2 ko fiye. Kuma a lokacin ne jikin kifi ya fi rauni.

A nan ɗalibai kan ce, "Malam, ai na zuba magani, bayan kwana uku ƙurjin ya ɓace, sai na sauya ruwa." To, Yaya, ƙurjin bai mutu ba. Sauka ya yi ya je haihuwa. Wanda ya tsayar da magani ranar da ɗigon ya ɓace, bayan 'yan kwanaki zai ga ya dawo ninkin ba ninkin.

Maganin gishiri

Farin gishirin miya ake nufi. Kada a sa kanwa, kada a sa manda. Kanwa tana sauya ruwa, ta ƙara wa dattin kashin kifi dafi.

Ma'auni shi ne giram 3 na gishiri a kowace lita ɗaya ta ruwa. Jarka mai lita 25 tana cin giram 75. Jarka 40 lita 1,000 ke nan, gishirinta kilo 3. Idan ba ka san yawan ruwan tankinka ba, ka auna tsawo da faɗi da zurfin ruwan da mita, ka ninka su, ka sake ninkawa da 1,000. Zurfin ruwa ake aunawa, ba tsayin bango ba. Tanki mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, ruwa rabin mita, lita 1,000 ne cif. Gishirin kuma a sikeli za a auna shi, ko da na mai shago ne. Ƙiyasin ido ya kashe kifi da yawa.

Da farko ka zubar da rabin ruwan ta ƙasa, ka kwashe dattin da ya kwanta, domin ƙwarin suna cikinsa. Ka cika da ruwan rijiya ko burtsatse. Ka raba gishirin kashi uku: ɗaya da safe, ɗaya da yamma, ɗaya washegari. Kowane kashi ka narkar da shi a bokiti tukuna, ka zagaya kana zubawa. Ka rage abinci zuwa rabi.

Ka riƙe gishirin kwana 10 da zafi, mako 2 zuwa 3 da hunturu, kuma kada ka daina sai an yi kwana 5 ba ka ga ɗigo ko ɗaya ba. Duk sanda ka sauya ruwa, ka mayar da gishirin ruwan da ka zubar kawai. Ka fitar da jarka 10, ka mayar da giram 750. Ruwan da rana ta shanye ba a ƙara masa gishiri, don gishirin yana nan. Da daren sanyi ka rufe tanki da buhu ko leda, ka bar kafar iska. Ruwan da ka zubar kada ka kai shi kan alayyafo ko tumatir.

Abin da ba a zubawa

Ina roƙonku da babbar murya, kada kowa ya zuba fiya-fiya ko maganin feshin gona a tanki. Kifin nan cikin 'ya'yanmu zai shiga, ko cikin 'ya'yan wanda ya saya. Kafso da garin maganin kaji kuwa ba sa kashe wannan ƙwaro, ɓarnar kuɗi ce. Akwai magunguna masu ƙarfi irin su fomalin, amma yana rage iskar ruwa, yana ƙona ido da hannu, kuma tarwaɗa ba ta da ɓawon da zai kare ta. Wannan sai da malamin gona na hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jiha, wato KNARDA a Kano ko JARDA a Jigawa, ko likitan dabbobi.

Farin ƙurji ba ya kama mutum.

Ta ina take shigowa?

Mafi yawa da sabon kifi take zuwa. Duk irin da ka sayo, ka ware shi a wani baho mako 2 kafin ka haɗa. Ruwan kanal da ke fitowa daga dam ɗin Tiga, da na kogi da kududdufi, yana ɗauke da ƙwarin kifin daji, har da matsattsaku da kwarkwatar kifi. Waɗannan biyun ido na ganinsu. A cire su da hantsaki, a kankare bangon tanki, don a nan kwarkwatar ke ƙwai. Kada ka yi aron raga. In ya zama dole, ka shanya ta a rana ta bushe ƙayau. Bayan ka kwashe kifi, ka bar tankin a bushe kwana 3 ko fiye kafin sabon zubi.

Aikin aji

Ku rubuta a littafinku: tanki mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin ruwa rabin mita, lita nawa ne? Gishiri kilo nawa zai ci? Idan aka zubar da jarka 20 aka cika, giram nawa za a mayar?

Mai tanki a gida ya auno nasa, ya zo da lissafin ranar aji mai zuwa.