Ba kowane "mugu" ba ne "evil" a Turanci

Na daɗe ina duba rubutun Turanci na ɗalibai, kuma akwai kalmar da nake yawan ja wa layi da jan biro: "evil". Yaro zai rubuta takardar neman uzuri ya ce bai zo makaranta ba saboda "an evil headache". Na san abin da ke ransa, mugun ciwon kai yake nufi. Amma Baturen da zai karanta zai ji kamar ciwon kan yana da niyyar cuta, kamar wani aljani ne ya shige shi. Abin da ya dace shi ne "a terrible headache" ko "a severe headache".

Tushen matsalar daga wajenmu yake. "Mugu" kalma ce mai faɗi a Hausa. Muna cewa mugun zafi, mugun labari, mugun direba, har da mugun ɗan ƙwallo idan yabo muke yi. Ƙamus ya nuna mana "evil" a gaban "mugu", sai mu kwashe su duka mu zuba a kwando ɗaya. Da can Turanci ma haka yake. A tsohon Turanci ana rubuta kalmar "yfel", 'yar uwar "übel" ta Jamusanci, kuma ita ce ake amfani da ita ga duk abin da ba shi da kyau, ko abinci ne ko cuta ko hali. Wajen shekarar 1300 ne "bad" ta fara bayyana a rubuce, a hankali ta karɓe aikin yau da kullum, ta bar wa "evil" ɓangare mafi nauyi kawai.

Shi ya sa "a bad driver" direba ne da bai iya tuƙi ba, amma "an evil driver" wanda zai take mutum da gangan ne. "Bad" tana magana a kan inganci, "wrong" a kan kuskure ko saɓa ƙa'ida, "harmful" a kan illa ko da babu mai nufin ta, kamar hayaƙin taba. Ita "evil" hukunci ce a kan zuciya: an san cuta ce, an nufe ta, kuma ta yi girman da hankali ba ya ɗauka. Kisan kiyashi ake kira da ita, ba jinkirin biyan albashi ba.

'Yan siyasar Amurka sun san nauyinta, shi ya sa suke ajiye ta sai ranar da suke son rufe ƙofar sulhu. A watan Maris na 1983 Ronald Reagan ya kira Tarayyar Sobiyet "evil empire". A ranar 29 ga Janairun 2002 George W. Bush ya haɗa Iran da Iraƙi da Koriya ta Arewa ya kira su "axis of evil", shekara guda da kusan wata biyu bayan haka aka mamaye Iraƙi. Wanda ya rubuta wa ofis ƙorafi ya ce shugabansa "evil" ne don ya hana shi hutu, ya ɗauko irin wannan makamin ne a kan ƙaramar magana, kuma mai karantawa zai daina ɗaukar ƙorafin da muhimmanci. "Unfair" ko "harsh" sun isa, kuma sun fi kama jiki.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na "sharri", domin yana iya jawo wa mutum asara a gaban hukuma. Sharri yana da fuska biyu a bakinmu. Idan muka ce Allah ya tsare mu daga sharrin masu sharri, nan "evil" ce daidai, kuma ita masu fassara Alƙur'ani zuwa Turanci suka saba sawa a Suratul Falaƙ. Amma idan mutum ya ce "ta yi mini sharri", ƙage yake nufi, an ɗora masa abin da bai yi ba. Na taɓa ganin takardar da aka fassara wannan da "she did evil to me". Duk ma'anar ta zube, domin mai karantawa ba zai san cewa mutumin yana musanta zargi ba ne. Ya kamata a ce "she accused me falsely" ko "she slandered me".

"Wicked" kuwa ta fi kusa da "evil", sai dai ta fi sauƙi, kuma ana jin ƙamshin tatsuniya a jikinta, irin muguwar kishiyar uwa. A Turancin Najeriya mukan kira malami mai yawan duka ko ɗan uwa marowaci "wicked". A Ingila za a ce "cruel" ga na farko, "stingy" ko "mean" ga na biyu. Matasan can ma sukan ce abu "wicked" ne suna nufin ya burge su, daidai da mugun ɗan ƙwallonmu.

Akwai 'yan wuraren da tsohuwar ma'anar ta maƙale, kuma a nan masu fassara zuwa Hausa suke tuntuɓe. "A necessary evil" ba mugunta ba ce, abu ne mara daɗi da ba makawa sai an yi shi, kamar biyan haraji. "The lesser of two evils" shi ne zaɓen mai dama-dama cikin abu biyu marasa kyau. "The evil eye" kuma kambun baka ne ko mugun ido.

Wasu ɗalibai suna ɗauka "devil" daga "evil" ta fito saboda kamannin rubutu. Ba su da dangantaka: "devil" daga kalmar Girkanci "diabolos" take, mai nufin mai ƙage, ta biyo ta Latin. Wajen furucin "evil" kuma, wasalin farko dogon "ii" ne, ba "e" ba, kuma a harafin "v" ana ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ne, kada a haɗa leɓɓa ya koma "b".