Yadda na shawo kan yoyon nono ta tsohon huji

Hujin da aka taɓa yi a kan nono ya ratsa hanyoyin ruwansa ne, shi ya sa mai jego ke ganin nono na tsiyaya ta gefe biyu, rigarta ta jiƙe sharkaf.

Na fara da cire ɗan ƙarfen adon da ke cikin hujin gaba ɗaya, don yana iya shaƙe jariri. Sai shayarwa sau 8 zuwa 12 a yini da dare, uwa ta kishingiɗa, jariri a bisa ƙirjinta, ruwan ya rage gudu. Da ta ji nono ya kawo, ta danna kan nonon da tafin hannu har tsiyayar ta tsaya.

Tsumman auduga mai tsabta, ninki huɗu, cikin rigar nono. Da ya jiƙe a canza, ban da leda. A zafin Yamai, danshi ne ke tsattsage fata.

Tatsa da yawa kuskure ne, ƙara ruwan take yi.

Yawanci yoyon na raguwa cikin sati 6 zuwa 12. In wuri ya yi ja da tauri, ga zazzaɓi ko ruwan mugunya, a ga ungozoma ranar.