Yadda Ake Ɗaura Rediyon CB a Mota da Yadda Ake Amfani da Shi

Rediyon CB (Citizens Band, wato zangon jama'a) wani nau'in rediyon oba-oba ne da ke aiki a zangon megahaz 27, wanda direbobi ke magana da juna da shi kai tsaye, ba tare da layin waya ko intanet ba. A Amurka aka buɗe wa jama'a wannan zango a shekarar 1958 da tashoshi 23, aka ƙara su zuwa 40 a 1977, daga megahaz 26.965 zuwa 27.405, kuma dokar can ta taƙaita ƙarfin watsawa zuwa wat 4 a tsarin AM da wat 12 a tsarin SSB, wato hanyoyi biyu na ɗora murya a kan sigina. Dokokin ƙasashe sun bambanta a kan lasisi da tashoshi da tsarin da aka yarda da shi, saboda haka mutum ya fara sanin dokar ƙasar da zai yi amfani da rediyon kafin ya saya. Tun da ƙarfin da aka halatta kaɗan ne, kuma kusan kowane rediyo iyakarsa ke nan, abin da ke raba wanda ake jinsa daga nesa da wanda muryarsa ba ta wuce kwana ɗaya ita ce eriya da yadda aka ɗaura ta. A nan ne ya kamata a kashe mafi yawan lokaci da kuɗi.

Matakin farko shi ne zaɓar wa rediyon mazauni a cikin mota. A nemi wurin da hannu zai kai ba tare da direba ya ɗauke ido daga hanya ba, kamar ƙarƙashin dashbod ko gefen kujera, wanda ba zai tare giya ko gwiwa ba, kuma ya yi nesa da inda jakar iska ke fitowa idan an yi karo. A ɗaure shi da ƙarfen da ya zo da shi, amma kafin a huda ko'ina a leƙa bayan wurin, domin sau da yawa akwai wayoyin mota a ɓoye.

Daga nan sai wuta. Rediyon na aiki ne da bolt 12, kuma yana zuwa da waya biyu, ja da baƙa. Ana iya soka shi a ramin kunna taba don sauƙi, sai dai wannan hanya kan kwaso hayaniyar injin, don haka ya fi kyau a ja jar wayar har zuwa kan batir mai alamar tarawa, a sa fis kusa da batir ɗin, mai girman da takardar rediyon ta faɗa, wanda galibi amfiya 2 ko 3 ne. Baƙar wayar kuma a ɗaure ta a jikin ƙarfen mota, a wurin da aka kankare fenti da tsatsa. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a bi da ita ta cikin zoben roba, kar bakin ƙarfen ya yanke ta a hankali. A cire kan batir mai alamar ɗebewa kafin a fara aikin. Masu manyan motocin da ke amfani da bolt 24 suna buƙatar na'urar rage wuta, in ba rediyon an yi shi don ɗaukar duka biyun ba, domin haɗa shi kai tsaye zai ƙone shi.

Yanzu ga eriya. Tsawon igiyar wannan zango ya kai kimanin mita 11, kuma eriyar da ta fi dacewa da mota ita ce mai rubu'in wannan tsawo, wato kusan mita 2.7. Doguwar bulalar ƙarfe mai inci 102 da ake ɗora wa a kan sifirin ita ce ta cika wannan ma'auni, kuma babu gajerar da ta kai ta aiki, sai dai tana dukan rassan itace da ƙofar gareji. Gajerun eriyoyi suna cike giɓin tsawon ne da naɗaɗɗiyar waya a gindi ko a tsakiya ko a sama, kuma gwargwadon gajartar eriya gwargwadon raguwar nisan da take kaiwa. A ganina, mutum ya ɗauki mafi tsawon da motarsa da hanyarsa za su iya jurewa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne eriyar rabin aikin take yi, ƙarfen jikin mota ne ke cika ɗaya rabin. Shi ya sa tsakiyar rufi ya fi ko'ina, domin ƙarfe ya kewaye ta ta kowane ɓangare, sigina kuma ya bazu daidai. Idan aka ɗaura ta a kan bamba ko a kusurwar baya, siginar za ta fi ƙarfi ta ɓangaren da jikin motar ya fi yawa, kuma idan rufin ya tare mafi yawan tsawonta za a yi asara mai yawa. Wanda ba ya son huda rufi sai ya yi amfani da mai gindin maganaɗisu, ya riƙa share ƙurar da ke ƙarƙashinsa saboda fenti. Wanda ya ɗaure da noti kuma ya tabbatar ƙarfen ɗaurin ya taɓa tsiraicin ƙarfen mota, amma sandar eriyar kanta kada ta taɓa shi. Akwai wani ɗan zoben roba mai tauri da ke raba su, kuma sa shi a gurbin da ba nasa ba na daga cikin kurakuran da aka fi yi. Motar da jikinta ba ƙarfe ba ne tana da irin eriyarta ta daban.

Wayar da ke haɗa eriya da rediyo ita ce mai om 50, irin su RG-58, da kai mai suna PL-259 da ake murɗawa a bayan rediyon. Kada ƙofa ta matse ta, kada a lanƙwasa ta da ƙarfi, kuma idan ta yi saura kada a naɗe ta ƙaramin zobe, a kwantar da ita da faɗi a ƙarƙashin kujera.

Kada a danna makirufo kafin an haɗa eriya, kuma kada a fara hira kafin an auna SWR, wato awon da ke nuna yawan ƙarfin da ke dawowa cikin rediyo maimakon ya fita. Ana kai mota fili, nesa da gine-gine da itatuwa, a rufe ƙofofi, a sa na'urar awon tsakanin rediyo da wayar eriya da wata gajerar waya. A tasha ta 1, a sa maɓallin na'urar awon a FWD, a danna makirufo, a murɗa abin saitinta har allurar ta tsaya a kan alamar saiti da ke ƙarshen ma'aunin, sannan a mayar da maɓallin zuwa REF a karanta. A rubuta lambar, a maimaita a tasha ta 40. Idan lambar tasha ta 40 ta fi girma, eriyar ta yi tsawo, a rage ta. Idan ta tasha ta 1 ce ta fi, ta yi gajarta, a ƙara. Galibin eriyoyi suna da ɗan sukurun da ake kwancewa a zame bulalar sama ko ƙasa. A riƙa motsawa kaɗan-kaɗan, kamar milimita 5, ana sake awo kowane karo, musamman idan yankewa ake yi, tun da abin da aka yanke ba ya dawowa. Ƙasa da 1.5 ya yi kyau, har zuwa 2 ana iya aiki, amma idan allura ta haura 3 a dukkan tashoshi, matsalar ba ta tsawo ba ce, a dakata a duba ɗaurin da waya da kawunanta, domin ci gaba da watsawa a haka yana iya lalata rediyon.

Amfani da shi ba wuya. A buɗe murya, sannan a murɗa maɓallin SQ a hankali har shuuu ɗin ya ɗauke, a tsaya daidai nan, domin wuce gona da iri zai toshe muryoyin da ke zuwa daga nesa. Mutum ɗaya ne ke magana a lokaci guda, saboda haka a saurara tukuna, a danna makirufo, a ɗan jinkirta, a yi magana da murya ta yau da kullum, a taƙaita, a saki. A Amurka an keɓe tasha ta 9 don neman agaji, ta 19 kuma ita ce matattarar direbobin manyan motoci a kan babbar hanya, inda za a ji ana cewa 10-4, ma'ana saƙo ya iso. Tsakanin mota da mota galibi nisan ba ya wuce 'yan kilomitoci, yana ƙaruwa a fili ya ragu a cikin gari da tsakanin duwatsu, ko da yake a wasu lokuta sararin samaniya kan maido da sigina har a ji muryoyi daga wata ƙasa.

Idan aka tayar da injin aka ji wani kuka da ke tashi yana sauka tare da totur, a cire wayar eriya daga bayan rediyon a saurara. In kukan bai tafi ba, ta wayar wuta yake shigowa, galibi daga altaneta, kuma maganinsa matatar hayaniya a kan jar wayar da gyara ɗaurin baƙar. In ya ɗauke, eriya ce ke kwaso shi, sau da yawa daga fulogi, sai a kunna maɓallin rage hayaniya da ke jikin rediyon, wato ANL ko NB, a kuma nisanta wayar eriyar daga wayoyin injin.