Ga sababbin zuwa Ingila: takardar awa 48 da lafiyar jikinku

Na sauka a Ingila a shekarar 2022 da bizar aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, kuma tun daga wancan lokaci babu sanyin da ya zo ya wuce ba tare da wani sabon zuwa ya kawo mini irin kukan da ni ma na taɓa yi ba: ciwon kan da ba ya jin magani, barcin da ba ya zuwa ko an samu damar kwanciya, da tsoron buɗe baki a gaban mai aiki. Na gaji da ganin 'yan uwa suna faɗawa ramin da na faɗa, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Rajista da likitan unguwa, wanda a nan ake kira GP, kyauta ce, kuma ba dole ba ne sai mutum ya nuna shaidar adireshi ko takardar izinin zama kafin a karɓe shi. Ku yi ta a makonku na farko, tun kuna da lafiya. Idan rai na cikin haɗari a kira 999, idan kuma ciwon bai kai haka ba a kira 111. Masu bizar aikin lafiya da kula an ɗauke musu kuɗin asibiti na baƙi, sauran ma'aikata kuwa tun Fabrairun 2024 suna biyan fam 1,035 a shekara, ɗalibai fam 776, don haka wanda ya biya wannan kuɗi sannan ya zauna a ɗaki yana shan maganin da ya taho da shi a jaka ya yi asara biyu.

Abin da ya cutar da ni takarda ce guda ɗaya. A ranar farko ta aiki an ajiye mini tarin takardu, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina sa hannu, domin ina ganin karanta su a gaban wanda ya ɗauke ni aiki rashin godiya ne. A cikinsu akwai wadda na amince in yi aikin da ya wuce awa 48 a mako. Dokar lokutan aiki ta 1998 ta ce kada matsakaicin aikin ma'aikaci ya wuce awa 48 a mako, ana lissafawa a kan makonni 17, sai in shi da kansa ya yarda a rubuce. Wannan yarda ta ganin dama ce, ba a korar mutum don ya ƙi ta, kuma wanda ya riga ya sa hannu yana iya janyewa ta hanyar ba da sanarwar aƙalla kwana bakwai, ko har wata uku idan takardar ta faɗi haka. Dokar ta kuma ba ma'aikaci hutun awa 11 tsakanin tashi daga aiki da komawa, da minti 20 idan aikin yini ya wuce awa shida, da yini guda a mako ko biyu a mako biyu, da hutun shekara mai albashi na kwana 28 ga mai aikin kwana biyar a mako. Mai aikin dare kuma yana da haƙƙin a duba lafiyarsa kyauta. Duk wannan ban san ko ɗaya ba.

Na yi watanni ina aikin kusan awa saba'in a mako, yawancinsu da dare, in sauka da safe in kwanta awa huɗu, a kira ni a waya a ce wani bai zo ba, in tashi in koma. A wata na takwas jiri ya ɗebe ni a tashar bas, na zauna a ƙasa ina jin ƙeyata kamar an ɗaure ta da igiya. Da aka auna ni aka ga jinina ya hau sosai, kuma har yau ina shan magani kullum. Da likita ta tambaye ni awa nawa nake aiki, na rage adadin, domin har a ɗakin likita tsoron mai aikina bai sake ni ba.

Wannan tsoro yana da tushe, kuma ba zan raina shi ba. Bizarmu a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauki nauyinmu, kuma idan aikin ya ƙare ko aka ƙwace lasisin kamfanin, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samo wani ko ya bar ƙasar. Wasu masu aiki sun san haka, shi ya sa kalmar "mu muka kawo ka" ba ta barin bakinsu. To amma ana sauya kamfani, ni ma na sauya, sai dai sai an samu sabuwar takardar ɗaukar nauyi an sabunta biza kafin a fara sabon aikin. Babu mai ikon riƙe muku fasfo. Ku adana takardun albashi da jadawalin aiki na kowane mako, domin ranar da rigima ta tashi su ne shaidarku. Hukumar ACAS mai sasanta rigingimun aiki da ofisoshin Citizens Advice suna ba da shawara kyauta, kuma shiga ƙungiyar ƙwadago irin su Unison halal ne ga baƙo kamar yadda yake ga ɗan ƙasa. Idan rashin lafiya ta kwantar da ku, kwana bakwai na farko ba a buƙatar takardar likita, sai ya wuce haka.

Illar dogon aiki ba zato ba ce. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya nuna cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, da haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17, idan aka kwatanta da mai aikin awa 35 zuwa 40. Sun ƙiyasta cewa a 2016 kaɗai mutum 745,000 suka rasu ta wannan hanya.

Ina alfahari da mutanenmu a nan, likitoci da ma'aikatan jinya da masu kula, waɗanda ake yabon haƙurinsu da tsofaffi, kuma su ne suka yi ta zirga-zirga a kaina lokacin da na kwanta. Abin da ke ɓata mini rai shi ne sabon zuwan da ake ba shi shawara ya ce shi ya saba wahala, ya shiga gasar wanda ya fi aika kuɗi, ya ƙara aikin awa ashirin da biza ta yarda da shi a kan cikakken aikinsa tun bai san hanyar asibiti ba. Na san nauyin iyaye da bashin tafiya, amma da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma gara a gaya wa na gida gaskiyar abin da za a iya aikawa tun daga wata na farko. Wanda damuwa ta yi masa yawa yana iya neman masu ba da shawara na NHS, wato hukumar lafiya ta ƙasar, da kansa, ba sai likita ya tura shi ba.

Rana ba ta da ƙarfi a nan, kuma da ita jiki ke samar da bitamin D, don haka hukumomin lafiya suna shawartar masu baƙar fata su sha maikirogiram 10 na bitamin D kullum duk shekara. Mai sikila ya faɗa wa likita tun ranar rajista don a haɗa shi da ƙwararru. A Nuwamban 2023 Birtaniya ta zama ƙasa ta farko da ta amince da Casgevy, maganin sikila da ke gyara ƙwayoyin halitta, ko da yake masu tsananin cutar kaɗai ake ba shi bayan tantancewa. Idan kuma hutun shekara ya zo za ku gida, ku sani garkuwar da jiki ya saba da ita ta zazzaɓin cizon sauro tana raguwa bayan an daɗe a waje, kuma rigakafin R21 na Jami'ar Oxford na yara ne mazauna can, ba na matafiya ba. Ku nemi ƙwayoyin kariya makonni kafin tafiya, kuma duk zazzaɓin da ya kama ku cikin shekara guda bayan dawowa, ku gaya wa likita ƙasar da kuka je tun kafin ya tambaya.