Yadda ake tono labarin tsohuwar silima, har da na aljanunta

Kada ka fara da ginin, fara da mai gadi. Ni da na so sanin tarihin wata silima da ta daɗe a rufe a unguwarmu, nan Njamena, goro na saya da sukarin shayi, na same shi bayan la'asar. Na ce, "Baba, barka da hutawa," muka gaisa sosai, ban ambaci silima ba sai da aka zuba kofi na biyu.

Kafin ka je, riƙe wasu shekaru a ka. Sai a 1973 Fort-Lamy ta koma Njamena. Yaƙin 1979 da 1980 ya kori jama'a, da yawa suka haye kogi zuwa Kusiri ta Kamaru. Silimar Normandie kuwa, wata silimar daban a nan garin, an gina ta a 1949, aka gyara aka sake buɗe ta a 2011, bayan Mahamat-Saleh Haroun, ɗan Chadi mai shirya fim, ya ciyo kyauta a bikin fina-finai na Cannes ta Faransa a 2010. Tsoho ba ya ba ka shekara, cewa zai yi "kafin gudun Kusiri". Kai ne za ka ɗora maganarsa a kan lissafi.

Nemi mai sayar da tikiti na dā, da wanda ya juya majigi, da matar da ta soya ƙosai a bakin ƙofa. Ita ta fi kowa sanin wane fim ɗin Indiya ne ya cika gida.

Zancen aljanu da kansa yake zuwa, kada ka jawo shi. Baba ya rage murya ya ce, "Ɗana, da dare nakan ji tafi a ciki, ga kuwa ƙofa a kulle da kwaɗo." Ya ce har haske ya taɓa gani a jikin allo. Ban yi dariya ba, kai ma kada ka yi, don daga nan bakinsa zai rufe. Rubuta yadda ya faɗa, da sunan "in ji shi", a shafi daban da na tarihi.

Sannan ka nemi izinin mai wurin ka shiga, da rana, da tocila da takalmi mai rufi saboda ƙusa da kunama. Ni jemagu na tarar cike da rufi, da wani kwano da ya ɓalle yana bugawa in iska ta taso. Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "To hasken fa?"