Takarda da man zurma sun isa kama ƙudan rairayi

Jama'a masu fita daji tattara ƙudan rairayi, mai yaɗa cutar kala-azar (zazzaɓi mai daɗewa da kumburin saifa), ba kullum sai da tarkon fitila, mai jawo ƙudan da haske, ba.

Ku samu farar takarda, ku shafe ta da man zurma ciki da baya. Ku soke ta a tsinke, ku kafa dab da ƙasa kafin faɗuwar rana: bakin ramin ɓera, jikin suri, tsagar bango, gefen garke. Da sassafe ku kwashe, kafin tururuwa ta riga ku.

Ƙudan nan ba shi da ƙarfin tashi. Tsalle-tsalle yake yi kusa da inda yake ɓuya, sai ya faɗa wa takardar ya manne. Man zurma kuma ba ya saurin bushewa, kuma yana narkewa a sinadarin etanol, don haka da ɗan siririn buroshi za ku ɗauke ƙudajen ku adana a etanol mai kashi 70.

Amma fa ruwan sama, iska ko ƙura suna ɓata aikin ƙaf. Sannan a mace za ku same su. In masu rai kuke so don feɗewa, sai tarkon fitila, ragarsa ta zama mai ƙananan ido sosai, domin tsawonsu bai cika wuce milimita 3 ba.