Kafin ka biya kuɗin jirgin ruwa na shaƙatawa, tambayi inda zai tsaya

Ni ɗan kasuwa ne a Maraɗi, tayil da kayan banɗaki nake sayarwa, kuma sana'ar ce ta fara kai ni Dubai da Istanbul. Mutumin da ya tashi yana kallon Gulbin Maraɗi, wanda ke kawo ruwa da damina ya ƙafe da rani har yara su buga ƙwallo a cikinsa, ba shi ake zaton zai ba da shawara kan teku ba. Amma sau huɗu ke nan ina shiga manyan jiragen nan na yawon shaƙatawa, biyu ni kaɗai, biyu tare da Hajiya. Tun da hotunan suka zaga, da wuya a yi mako wani bai leƙo shago ya ce, "Alhaji, wai nawa ake biya a shiga?" ba. Ni kuma sai in maida masa tambaya: ina jirgin zai tsaya, kuma fasfonka zai bar ka ka sauka a wurin?

Da wannan za ka fara, domin mai fasfon Nijar ba kamar Bature ba ne da zai ga farashi ya karye yau, gobe ya ɗauki jaka. Jirgin da ke zaga Bahar Rum daga Basalona ko Marsey yana buƙatar bizar Shengen (biza guda da ke shigar da kai yawancin ƙasashen Turai), kuma kuɗinta yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, wato kusan jika 59, tun da yuro ɗaya na tsaye a sefa 655 da 'yan kai. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, saboda haka ka binciki inda za ka ajiye takardu kafin ka ba kowa ko dala. Ga kuma tarkon da ke kama mutane: idan jirgin ya leƙa Tunis ko wata tashar Turkiyya sannan ya dawo Italiya, ka fita yankin Shengen ke nan ka sake shiga. Biza mai shiga sau ɗaya ta mutu a nan. Mai shiga da yawa za ka nema, ka haɗa da jerin tashoshin jirgin a takardun da za ka miƙa. Ma'aikatan jirgin suna duba bizar kowace ƙasa tun ranar shiga, ko da ka rantse ba za ka sauka a can ba, kuma wanda aka mayar daga bakin ƙofa saboda biza ba a maida masa kuɗinsa. Fasfo kuma ya kasance da sauran wata shida bayan ƙarshen tafiya, katin rigakafin shawara na cikin aljihu.

Shi ya sa nake ce wa mai fara tafiya ya dubi Jidda, Dubai ko Istanbul, inda ƙafarmu ta riga ta saba. Tun Disamban 2024 akwai jirgin Aroya na Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda. Tsawonsa mita 335, yana ɗaukar fasinja sama da 3,300, abincinsa halal ne, ba giya ba caca, akwai wurin salla. Ga wanda zai tafi da iyali, wannan kaɗai ya rage masa rabin tunani.

Sai maganar girma, wadda ita ce ke ruɗar mutane. Jirgin da aka fi yaɗa bidiyonsa a waya shi ne Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda aka ƙera a Finlan ya fara aiki daga Miyami a Janairun 2024. Mita 365 ne, kamar ka jera filin ƙwallo uku da rabi, hawa 20, kuma idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata 2,350. Titanic da ake ta labari mita 269 ne kacal. A takardun jiragen za ka ga wani adadi da ake rubuta wa GT. Ba nauyi ba ne, faɗin cikin jirgin ne gaba ɗaya. Na Icon ya kusa 250,000. Dabarar da nake yi ita ce in raba wannan adadi da yawan fasinja. Icon a cike yana ba da wajen 33. MSC World Europa, wanda ya zama masaukin 'yan kallo a Doha lokacin kofin duniya na 2022, yana da GT kusan 216,000 da fasinja sama da 6,700, wato wajen 32. Aroya da ke wajen 150,000 yana ba da kusan 45. Yawan abin da ya fito, yawan sararin da za ka samu a wurin cin abinci da bakin lif. Ƙananan jiragen masu tsada suna wuce 60. Ka ga ashe babban gida ba shi ne yalwa ba idan mutanen ciki sun yi yawa.

Babban jirgi ya fi arha a kowane kwana, wannan gaskiya ne, domin kyaftin ɗaya da jirgi ɗaya ke ɗaukar mutum dubu shida. Ba ya kuma girgiza kamar ƙarami, abin da Hajiya ta yaba ƙwarai domin ita ko a mota zuwa Yamai jiri take yi. Idan da yara za ka tafi, nan ne wurinsu. Sai dai abin da ka rage a tikiti kana biyansa a tasha, kuma a nan na sha tawa wahalar.

A tafiyata ta farko, takardar da wani mai sayar da tikiti ya turo mini ta ce ranar Talata muna Roma. Na kwanta ina ganin da safe zan buɗe labule in ga birnin. Da gari ya waye, kwantenoni na gani da manyan motoci, kamar na farka a tashar Kwatano. Sunan wurin Civitavecchia, kuma tsakaninsa da Roma kusan kilomita 80 ne, kamar ka ce wa baƙo ga Katsina alhali a Maraɗi ka sauke shi. Sai da muka hau bas daga gindin jirgi zuwa ƙofar tasha, sannan jirgin ƙasa na sama da awa guda. Cikin awa goma sha ɗaya da aka ba mu, kusan huɗu a hanya suka tafi. Haka abin yake a wurare da dama. Idan an rubuta Faris, Le Havre ake nufi, kilomita 200. Idan an rubuta Florence, Livorno ne. Ko a Marsey, manyan jirage na tsayawa can nesa da tsohuwar tashar da ke tsakiyar gari, ƙanana ne ake bari su matso. Saboda haka kada ka karanta sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe. Ka nemi ainihin sunan tashar, ka sa shi a taswirar wayarka, ka auna nisan da kanka.

Biranen ma sun fara gajiya da manyan jiragen. Tun 1 ga Agustan 2021 Italiya ta hana duk jirgin da ya wuce GT 25,000 ko mita 180 bi ta mashigar da ke ratsa tsakiyar Venis. Yau idan babban jirgi ya ce maka Venis, to Marghera ce, unguwar masana'antu, ko ma Ravenna ko Trieste, waɗanda sai ka yi awa biyu ko fiye a hanya. Basalona ta kori jiragen daga tashar da ke dab da gari a 2023, ta tura su can ƙarshen madatsar ruwa inda sai da bas. Dubrovnik ta Kuroshiya ta taƙaita jiragen da ke tsayawa lokaci guda. Girka kuma ta sa harajin yuro 20 a kan kowane fasinja da ya sauka Santorini ko Mykonos a tsakiyar lokacin baƙi, tun 2025.

Santorini ɗin nan ta cancanci a tsaya a kanta. Ba ta da gaɓar da babban jirgi zai jingina. A tsakiyar ruwa yake tsayawa, ƙananan jirage su riƙa kwasar mutane kaɗan-kaɗan. Ka ƙiyasta mutum dubu biyar suna jiran layi, waɗanda suka sayi yawon da jirgin ya shirya su ne a gaba, kai da ka ce za ka yi gaban kanka kana riƙe da lamba. Da ka isa gaɓa kuma garin yana can bisa dutse, sai ka sake layin motar da ke tafiya a kan waya, ko ka taka matakala kusan 600, ko ka hau jaki. Hajiya ta dubi jakunan ta dube ni ta ce, "Alhaji, daga Maraɗi ka ɗauko ni don in zo Turai in biya yuro in hau jaki?" Layin muka bi. Kuma ka sani, idan iska ta taso a irin wannan tasha, kyaftin na iya fasa tsayawa gaba ɗaya, kuma yarjejeniyar da ka sa wa hannu ta ba shi dama. Idan akwai tsoho ko mai ciwon gwiwa a tafiyarku, ka ƙirga tashoshi nawa ne na kwale-kwale a jerin. Fiye da ɗaya a mako, ni ban so.

Inda na fi jin daɗin sauka shi ne Galataport a Istanbul, da aka buɗe a 2021. Jirgi na jingina a cikin gari, ka fito ka hau taragon lantarki, tasha kaɗan kana gaban Masallacin Sultan Ahmed.

Yanzu kuɗi. Farashin da kake gani a talla na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin ku biyu ne a ɗaki, kuma ɗakin shi ne na can ciki wanda ba shi da taga. Mai tafiya shi kaɗai yakan biya kusan kuɗin mutum biyu, na ɗanɗana wannan sau biyu. Mu ɗauka an rubuta yuro 600 na kwana bakwai. Kai da matarka 1,200 ke nan, jika 787. Akwai kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora maka kullum ba tare da an tambaye ka ba, wajen yuro 12 kowane mutum a jiragen Turai, a na Amurka kuwa dalar Amurka 16 zuwa 20. A kwana bakwai ku biyu, jika 110 ta tafi. Biza biyu jika 118. Ba a zo kan tikitin jirgin sama ba, wanda a wurinmu sau da yawa ya fi kuɗin jirgin ruwan kansa, ko ta Yamai ka tashi bayan tafiyar kilomita 660, ko ka bi Ɗan Isa da Jibiya ka tashi ta Kano. Sai kwanan otal ɗaya a garin da za a tashi, wanda ban yarda a yi rowarsa ba: jirgin sama ya yi latti, na ruwa ba ya jiran kowa. Sai inshorar lafiya, domin likitan jirgi kuɗi ne tsababa. Intanet ma saye ake, kuma ka kashe datar layinka da zarar an bar gaɓa, in ba haka ba ta tauraron ɗan'adam za a caje ka. Abinci a babban ɗakin cin abinci yana cikin kuɗin, amma lemun kwalba da ruwan gora yawanci daban ne. Za su matsa maka ka sayi kuɗin shaye-shaye na mako gaba ɗaya. Rabin tsadarsa ta giya ce, mu da ba mu sha shayi da ruwan injin da ake bayarwa kyauta sun ishe mu. Idan ka tattara, ninka abin da ka gani a talla sau biyu zuwa uku, nan ne gaskiyar take.

Kan ɗaki, ra'ayina ya saɓa da na masu talla. A Bahar Rum, inda kullum kuna wata tasha, ɗakin ciki ya wadatar, barci kawai kake zuwa yi. Baranda tana da amfani ne idan kwanakin tsakiyar teku sun yi yawa. Mai jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa-ƙasa. Kada ka yarda da wanda ke ƙarƙashin wurin rawa ko kicin, ka duba zanen hawa-hawan kafin ka zaɓi lamba. Farashi kuma yana faɗuwa idan 'yan makarantar Turai sun koma aji, wato Mayu ko Oktoba sun fi Yuli da Agusta sauƙi da sanyin rana. Mafi arha a kowane kwana su ne tafiye-tafiyen da ake mayar da jirgi daga wani yanki zuwa wani idan lokaci ya juya. Tun da hare-hare suka fara a Bahar Maliya a ƙarshen 2023, jirage da yawa sun bar bi ta Suwez suna zagayo Afirka ta Kef Tawun, sai dai tafiya ce ta makonni, kuma inda ka shiga ba nan za ka sauka ba.

Abu uku na cikin jirgi da ba wanda ya gaya mini. Alƙibla tana juyawa da jirgin, don haka ka duba taswirar da ke talabijin ɗin ɗakinka wadda ke nuna inda aka dosa, domin ƙarfen jirgi na rikita na'urar wayar. Abinci kuma ka rubuta buƙatar halal tun lokacin biya, ba ranar shiga ba. Inda babu, kifi da ganye suna nan kullum.

Na ukun shi ne agogo. Lokacin jirgi ake bi, ba na garin da ka sauka ba, kuma wani lokaci suna bambanta da awa guda, wayarka kuwa na garin za ta kama da kanta. Ana rubuta lokacin komawa a allo a bakin ƙofa, yawanci rabin awa kafin tashi. Idan da motar da jirgi ya shirya ka fita aka makara, za a jira ku. Idan da taksinka ka fita, za ka iske gaɓa wayam, ka bi jirgin zuwa tasha ta gaba da kuɗin aljihunka, wataƙila ƙasar da ba ka da bizarta. Ni nakan ɗauki hoton allon nan kafin in sauka, in ɗaura tsohon agogon hannuna a kan lokacin jirgi, in kuma shirya dawowa da saura awa biyu. A Civitavecchia, jirgin ƙasan da nake hawa shi ne wanda akwai wasu biyu a bayansa.